Muryar Amsa: Mene ne Sirrin 2,147,483,647?

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na ga tambayarka, ka ce makin wasan da ke wayarka ya kai 2,147,483,647 ya tsaya cak, ko lambar tana da wani sirri. Tana da shi kam, bari in yi murya don rubutu zai yi tsawo.

Ka jera 2 har guda 31, ka ninka su da juna, sai ka cire 1, ita ke nan. Shirye-shiryen kwamfuta da yawa suna ajiye lamba a gurbi 32, kowane gurbi ko 0 ko 1, gurbi ɗaya kuma an ware shi don nuna ko lambar tana ƙasa da sifiri. Saura 31 ke nan, in duk suka cika sai ƙirga ya ƙare. Shi ya sa ma ake maganar ranar 19 ga Janairun 2038, ranar da agogon wasu tsofaffin na'urori masu ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1970 zai kai wannan iyaka.

Amma abin da ya fi burge ni, wallahi, ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Lambar nan ba ta rabuwa da komai sai da 1 da ita kanta. Kada fa ka ɗauka duk irin wannan lissafi haka yake fitowa. Gwada 2 guda 11 ka cire 1, za ka samu 2047, ita kuwa 23 sau 89 ce. Waɗanda suka tsira a cikinsu, wato ba sa rabuwa, su ake danganta wa Mersenne, wani malamin coci na Faransa, tamu kuma ita ce ta 8 a jerin.

Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar da cewa ba ta rabuwa a 1772, babu na'ura, a lokacin ma idanunsa sun kusa tafiya gaba ɗaya. To yaya ya yi? Na farko, ba sai ya wuce 46,340 ba, domin in tana da marabi, wato wata lamba ban da 1 da ita kanta da ke raba ta ba ragowa, dole akwai ɗaya da bai haura nan ba. Na biyu, duk lambar da za ta raba ta, in ka raba ita ma da 248, ragowar sai ta zama 1 ko 63. Ka gane? Daga dubu arba'in da shida aiki ya dawo 'yan ɗaruruwa, ya bi su, babu wadda ta shiga.

Af, akwai ƙari. Ninka lambar tamu da 2 guda 30 da aka ninka da juna, za ka samu abin da ake kira cikakkiyar lamba, wato wadda in ka tara marabanta ban da ita kanta, ita za su ba ka, kamar yadda 1 da 2 da 3 suke ba da 6. Wannan tana da alƙaluma 19, in kuna so zan rubuto ta a nan.