Tambaya da Amsa: Kan Sarkin da Waƙafinsa Ya Ɓata

Tambaya: Malam, ina da kan sarkin Newfoundland guda biyu, duka an buga musu "AIR POST" da dala ɗaya a saman hoton. Ɗaya da waƙafi bayan POST, ɗaya babu. Wanne ne jabu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Mai yiwuwa duka biyun na gaske ne. A 1919 Newfoundland, wadda yanzu take cikin ƙasar Kanada, ba ta da kan sarkin da aka zana musamman don wasiƙar jirgin sama, sai gidan waya ya ɗauko tsohon na santi 15, na 1897, aka yi masa ƙarin bugu guda 10,000. Da irinsa aka aika wasiƙun da matuƙa jirgin sama Alcock da Brown suka ƙetara Tekun Atlantika da su a watan Yuni. Irin wannan ƙarin bugu Italiya ta yi a 1917, haka Sudan a 1931 a kan mai hoton raƙumi.

Da hannu ake jera haruffan dalma a lokacin, kowane gurbi da nasa, a buga 25 a tashi ɗaya. Gurbin da mai jerawa ya manta waƙafi, haka zai riƙa fitowa a kowace takarda. Shi ya sa masu tarawa ke ɗaukarsa iri na daban. Akwai ma wanda ya rasa waƙafin da kuma ayar bayan "1919" da ke cikin rubutun, ya fi wuyar samu. Amma harafin da tawada ta ɗan cike sau ɗaya, kada a yi maka romon baka da shi.

Inda ake cutar mutane shi ne kankare waƙafin da reza. Sami gilashin ƙara girma mai ninki 10, ka haska tocila daga gefe. Wurin da aka kankare zai yi gashi-gashi, jan launin ya koɗe. Sannan ka kifa shi: dalma tana danna takarda, sau da yawa za ka ga shatin haruffa a baya. In ga shatin waƙafi a baya, gaba kuma wayam, an taɓa shi.

Wanda aka yi amfani da shi, tambarin gidan waya ne ke hawa kan rubutun. In rubutun ne a sama, bayan an gama aiki da shi aka buga, wato jabu ne.

Da ɗan hantsaki mai faɗin baki za ka ɗauke shi, ban da yatsa. Da damina kuma ka tsayar da kundin a tsaye, don laima na manne ƙaron baya da shafi.