Ina son kiwon kaji a bayan gida don ƙwai, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina da ɗan fili a bayan ɗaki, ina so in zuba kaji kamar shida don mu riƙa samun ƙwai a gida. 'Yan tsaki zan saya ko manya? Dole sai da zakara? Kuma tsaba da ragowar abinci za su ishe su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bari in fara da zancen zakara tunda shi ne mai sauƙi: ba kya buƙatarsa. Kaza tana yin ƙwai ko da ba ta taɓa ganin zakara ba, amfaninsa kawai shi ne ƙwan ya zama wanda za a iya ƙyanƙyashewa. In don ci ne, ki hutar da kanki ciyar da shi, ki hutar da maƙwabta cara.

Tunda wannan ne karonki na farko, ni dai ba zan ba ki shawarar 'yan tsaki ba. Tsakon kwana ɗaya yana buƙatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana ragewa sannu a hankali, ga jerin rigakafi, sannan ki yi kusan wata biyar kina ciyarwa ba ki ga ƙwai ko ɗaya ba. Yawancin masu farawa a nan suke karaya. Nemi kaji 'yan mako 16 zuwa 18, waɗanda suka kusa fara ƙwai. Nau'o'in kajin ƙwai irin su ISA Brown da Lohmann Brown kan fara tsakanin mako 18 da 20, kuma in sun samu kulawa kowacce na iya ba ki ƙwai kusan 300 a shekarar farko. Da kaji shida, ki sa ran huɗu ko biyar a yawancin ranaku.

Amma ki buɗe ido wajen saye. Na taɓa zuwa duba kajin wata baiwar Allah da aka sayar mata da tsofaffi waɗanda suka gama yayi, aka ce mata sababbi ne. Ɗauki kazar a hannu ki duba ƙafa: ta budurwar kaza santsi gare ta, launinta rawaya ne sosai, ta tsohuwa kuwa ta koɗe ta yi kaushi. Ido ya zama garau, hanci a bushe, gashin gindi babu kashi a manne. Ki kuma nemi a faɗa miki rigakafin da aka yi musu da ranakunsa.

Yanzu ga inda nake so ki fi natsuwa, wato abinci. Tsaba da ragowar abinci za su raya kaza, amma ba za su sa ta yi ƙwai kullum ba. Ƙwai ɗaya yana ɗaukar sa'a 24 zuwa 26 kafin ya haɗu a cikinta, kuma kusan sa'a 20 daga ciki wajen gina ɓawo suke tafiya. Ɓawon nan yana cin kalsiyam, wato sinadarin da ke gina ƙashi da ɓawo, kimanin giram 2. In ba ta samu a abinci ba, daga ƙashinta take zara, shi ya sa za ki ga ƙwai mai laushin ɓawo, daga baya kazar ta kasa tsayuwa. Saboda haka ki sayi haɗaɗɗen abincin kaji masu ƙwai, mai furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari da kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4. Kowace kaza tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, shida ke nan ba su kai kilo ɗaya ba. Ganye da ɗan ragowar abinci ki ba su da yamma a matsayin ƙari, bayan sun ci nasu. Abin da ya yi fumfuna kuwa kada ya kusance su.

Ruwa ma haka. Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne, kuma kaza na shan ninki biyu na abin da ta ci, fiye da haka in ana zafi. Ba ta yin gumi, haki take yi baki buɗe, fukafukai a sake. Yini ɗaya mazubin ruwa ya bushe, sai ki yi kwanaki kina ganin giɓi a ƙwai. A ajiye shi a inuwa, a wanke kullum.

Akurki kuwa a gama shi kafin kaji su iso. Murabba'in mita biyu zuwa biyu da rabi ya ishi shida kwana, da filin da za su yi tono da wankan ƙasa. Iska ta riƙa ratsawa ta sama, ƙasa a bushe da dusar katako. In kin shiga warin kashi ya sa miki hawaye, to su ya daɗe da cutar da huhunsu. A sa sanda da za su hau su kwana, da akwatin ƙwai biyu a lungu mai ɗan duhu. Raga ta zama mai ƙananan idanu saboda ɓera da maciji, a rufe sama saboda shaho. Suna son hasken sa'a 14 zuwa 16 a rana, don haka in yini ya gajarta ƙaramin ƙwan lantarki da asuba yana taimakawa.

Cutar da ta fi share akurki ita ce Niyukasil, ba ta da magani sai rigakafi, kuma ana maimaita shi, likitan dabbobi na kusa da ke zai tsara miki lokutan. Duk kazar da kika ƙaro daga baya, ko kyauta aka ba ki, ki ware ta aƙalla mako biyu kafin ta shiga cikin sauran.

Ƙwan farko zai zo ƙarami, wani ma babu gwaiduwa, kada hankalinki ya tashi, cikin 'yan makonni zai daidaita. Ki riƙa kwashewa sau biyu a rana, don in ɗaya ya fashe suka ɗanɗana, raba su da shan ƙwai aiki ne babba.