Amsa ga 'yar uwar da ke shan ruwa lita biyar don ta rage ƙiba

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Tun jiya da dare na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce sati uku ke nan da kika fara rage ƙiba, wata ta ce ki riƙa shan ruwa lita biyar a rana wai yana narkar da kitse, kin dage kina ɗirka, amma ban da zaryar banɗaki babu abin da kika gani, sikeli ko gezau. To ni ma na bi ta wannan hanyar, bari ki ji yadda ta kaya da ni.

Ni tela ce a nan Kano. Bayan haihuwata ta uku, ranar da na kai yaro rigakafi na hau sikelin asibiti, sai na ga kilo 94. Kunun kanwa da gasasshen naman jego sun yi aikinsu, ga sana'ar zama, daga safe har magariba ina kan keke.

Zan fara da wanda ba zai yi miki daɗi ba. Ruwa ba ya narkar da kitse, ko na firji ne, ko mai ɗumi, ko an matsa masa lemon tsami an sha da sassafe kafin a karya. Mu mata mun saba ganin ruwan zafi yana wanke maiƙon miya a kwano, sai mu ɗauka cikinmu ma haka yake. Kitsen jiki ajiya ce, kamar hatsi a rumbu, kuma jiki ba ya buɗe rumbun sai abin da ake ba shi ya gaza abin da yake ƙonawa. Kilo ɗaya na kitse ya kai kalori kusan 7,700, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. In malmalar tuwonki tana nan yadda take, ko randa guda kika shanye ba za ki ga sauyi ba.

Duk da haka ruwa ya taimake ni ƙwarai, sai dai ta wata ƙofa ce daban. Maƙwabciyar shagona tana da firji. Da rana ta take zan aiki yarinya ta karɓo min lemo, bayan la'asar a ƙaro wani, kuma ban taɓa lissafa shi a cikin abin da na ci ba, tunda sha ne. Wata rana ƙanwata mai aikin jinya ta juya min kwalbar ta ce in karanta bayanta. Babbar Coke ta rabin lita tana ɗauke da suga fiye da giram 50, wajen cokalin shayi 13. Da na koma gida na ɗauko gwangwanin suga na ƙirga 13 cikin kofi, na tsaya ina kallonsa. Wallahi da wani zai miƙo min ya ce in haɗiye, sai na ce ba ya ƙaunata, alhali kullum sau biyu nake yi wa kaina. Kwalba biyun nan kalori fiye da 400 ne, kuma ba sa ƙosarwa, da dare sai na ci tuwona cikakke.

Kada ki ce ke ba kya shan na kwalba. Zoɓon gora da kunun aya da ake sayarwa, ki tsaya kusa da mai haɗawa ki ga sugan da take antayawa. Haka shayi mai kauri da madara, haka fura in an zuba mata suga. Ni dai na maye gurbin lemon da ruwa, zoɓo kuma in dafa nawa da citta da kanumfari ba suga. Satin farko bakina kamar na mai zazzaɓi, daga baya na saba. Da wannan, da tafiyar ƙafa zuwa shago maimakon adaidaita, kilo biyar suka sauka cikin wata huɗu.

Sai shan ruwa kafin abinci. Ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce, nakan sha ta kamar rabin awa kafin in zauna cin abinci, sai in ga malmala ɗaya ta ishe ni inda da sai biyu. An ma gwada wannan a wata jami'a a jihar Bajiniya ta Amurka, aka fitar da sakamakon a 2010. Manya ne masu shekaru, duk an rage musu abinci, amma waɗanda ke shan rabin lita kafin ci sun fi sauran raguwa da kusan kilo 2 cikin sati 12. Ki dubi adadin da kyau, kilo biyu a wata uku, kuma a kan rage abinci aka ɗora shi.

Batun lita biyar kuwa, ki sauke. Na taɓa yin wannan gangancin. Na tashi da safe na ce bari in gama da rabin na yau gaba ɗaya, na shanye leda biyar a jere na fita sayen yadi a Kantin Kwari. Kafin in isa kaina ya sara, zuciyata na tashi, ga fitsari ya matse ni a tsakiyar cunkoso, ba inda zan raɓa. Ƙoda ba ta iya fitar da fiye da kusan lita ɗaya a awa, in aka cika mata sai gishirin jini ya tsinke, kuma in abin ya yi tsanani har suma yana jawowa. Hukumar kula da abinci ta Turai lita 2 ta ƙiyasta wa mace a rana, har da ruwan da ke cikin abinci. Mu da ke ganin zafin Afrilu yana haura 40, ko mai shayarwa, dole mu ɗara haka. Ni leda biyar zuwa shida nake sha a bazara, a rarrabe. Ma'aunina kalar fitsari: in ya yi fayau da ɗan ruwan ɗorawa, lafiya lau, in ya yi duhu sai in ƙara. Da hunturu ne ma nake mantawa, don ƙishirwa ba ta damun mutum.

Shi kuma sikeli yana da wayo. Ranar da kika ci miya mai gishiri da magi da yawa, ko al'ada ta kusa, jiki kan riƙe ruwa ki ga kin ƙara kilo guda a kwana ɗaya. Haka shayin rage ƙiban da na taɓa saya a hannun wata, kwana uku ina zawo, kilo biyu suka tafi, da na daina suka dawo abinsu. Ruwan jikina ne kawai ya zube. Yanzu sau ɗaya a sati nake hawa, da safe kafin in ci komai, kuma na fi yarda da tef ɗina na awo, in zagaya ƙugu da shi.

In kina da ciwon ƙoda ko na zuciya, ko ƙafafunki na kumbura, kada ki ƙara ruwa sai likita ya faɗa miki adadi. In kuma kin lura ƙishirwar ba ta yankewa, ga yawan fitsarin dare ko da kin rage sha, ki je a gwada miki suga.

Ki rubuto mana duk abin da kika sha jiya wanda ba ruwa ba, tun daga shayin safe, har da cokali nawa kika zuba. Ina nan zan duba bayan isha'i in Allah Ya yarda.