Da me ake gane tasirin mai bincike kan raunin tsufa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai koyon aikin jinya. A darasin kula da tsofaffi, malaminmu ya ce Farfesa Linda Fried tana sahun gaba wajen tasiri a binciken raunin tsufa, saboda masana sun kafa hujja da aikinta sau dubbai. Shin yawan ambato shi ne tasiri, ko akwai ma'aunin da ya fi shi?

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Malaminku ya faɗi gaskiya game da Fried, sai dai yawan ambaton ya biyo bayan wani aiki ne, kuma aikin ya kamata ki fara fahimta.

A da, likitoci kan ce tsoho ya yi rauni ba tare da sun yi ittifaƙi a kan abin da suke nufi ba, domin wasu suna nufin yawan shekaru, wasu nakasa, wasu kuma tarin cututtuka. A shekarar 2001, Fried da abokan aikinta, tana Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka a lokacin, suka yi nazarin bayanan mutane 5,317 'yan shekara 65 zuwa sama, suka fitar da alamomi biyar: ramewa ba da niyya ba har kusan kilo 4.5 a shekara, yawan jin gajiya, raunin damƙar hannu, nawar tafiya, da ƙarancin motsa jiki. Wanda ya haɗa uku ko fiye, shi ne mai raunin tsufa. Kimanin kashi 7 cikin 100 na mutanen suka shiga wannan rukuni, kuma da aka ci gaba da bibiyarsu sai aka ga sun fi sauran faɗuwa, kwanciya asibiti da mutuwa. Tun daga nan, duk mai binciken da ya yi amfani da wannan ma'auni dole ya ambaci inda ya samo shi, shi ya sa lissafin ke ta hauhawa.

Jami'o'i suna son irin wannan lissafi saboda sauƙinsa. Ma'aunin da masanin kimiyya Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005 shi ne ya fi yaɗuwa: wanda makinsa ya kai 40, yana da maƙaloli 40 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 40. Amma lissafin ba ya bambanta wanda ya ambace ka don ya yaba da wanda ya ambace ka don ya soka, kuma yana fifita wanda ya daɗe a fage a kan matashi, komai ingancin aikin matashin.

A ganina, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko binciken ya sauya abin da ake yi wa marar lafiya a gadon asibiti. Nan ne sunan Kenneth Rockwood na Jami'ar Dalhousie da ke Kanada yake shigowa. Shi da Arnold Mitnitski, a 2001 ɗin nan dai, sun bi wata hanya dabam, wato ƙirga matsalolin da suka taru a jikin mutum, ta yadda wanda aka samu da 10 daga cikin 40 da aka duba zai sami maki 0.25. A 2005 kuma Rockwood da abokan aikinsa suka fitar da ma'auni mai matakai bakwai, wanda daga baya ya koma tara, kuma ma'aikaciyar jinya za ta iya aiki da shi cikin 'yan mintoci ba tare da wata na'ura ba. Ma'aunin Fried kuwa yana buƙatar na'urar gwada damƙa da agogon auna tafiya, don haka ya fi karɓuwa a wurin masu bincike.

Ki lura kuma cewa tasiri yana tafe da haɗarinsa. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta cika asibitoci, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawarar a yi amfani da ma'aunin Rockwood mai matakai tara wajen duba waɗanda za su amfana da sashen kulawa ta musamman. Masu kare haƙƙin nakasassu suka yi ca, domin ma'aunin yana duba yadda mutum ke dogara da wasu, kuma matashin da aka haifa da nakasa yana iya dogara da wasu a harkokinsa na yau da kullum alhali jikinsa bai raunana ba. Cikin 'yan kwanaki hukumar ta gyara ƙa'idar, ta ce kada a yi amfani da ma'aunin a kan matasa ko masu daɗaɗɗiyar nakasar da ba ta ƙaruwa, a duba kowannensu da halin da yake ciki.