Yana karantawa tiryan-tiryan, amma bai san me ya karanta ba

Wata uwa daga Gusau ta rubuto: "Ɗana yana aji huɗu na firamare. In ya ɗauki littafin Turanci ba ya tuntuɓe, amma ka tambaye shi me labarin ya ƙunsa, sai ya yi zuru. Na sayo masa jerin littattafan ƙasar waje na naira 40,000, babu canji. Ko dai ƙwaƙwalwarsa ce?"

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, lafiyar yaronki lau. Haɗa baƙi daban, fahimta daban. Mutum yana gane sabon abu ne in ya samu inda zai rataye shi a cikin abin da ya riga ya sani. Buɗe littattafan nan ki duba. Na yi imani za ki tarar da yara suna gina mutum-mutumi da dusar ƙanƙara, ko hayaƙi na fita ta bututu a kan rufin gida. Yaron da ya tashi a Gusau, a ina zai rataye wannan?

Kada ki zubar da su, an riga an biya. Kafin ya fara karatu, ku kalli hoton da kan labarin tare, ki tambaye shi da Hausa me ya sani a kai. In dusar ƙanƙara ce, tuna masa ƙanƙarar da ake saye da azumi, yadda take sa yatsu su sandare, ki haɗa masa da sanyin asubar hunturu, sannan ki ce ya ƙaddara ta rufe tsakar gidanku har gwiwa. In ya yi shafi ɗaya, dakatar da shi: wannan ya tuna maka da wa? Me kake jin zai faru gaba? Ko da "kamar akuyar Baba da ta ci wake" ya ce, ki karɓa, alama ce ya shiga labarin. Malaman zaure sun daɗe da wannan: su ja baƙi, su fassara, su kawo misali da gona ko kasuwa.

Amma bari in amayar da abin da ke cina. Kuɗin nan da kika kashe, wani albashinsa ne na wata. Mun ɗauki wata ɗabi'a ta sayen littafi don bango mai sheƙi, a jera a falo baƙi su gani, kamar kwanukan amarya. Mai shago ya ce "daga Ingila ya zo", shi ke nan an zaro kuɗi babu ko buɗawa. Wani abin haushin ma, da yawa ba daga ko'ina suka zo ba, bugun sata ne. Na taɓa sayen irinsa wa 'yar ƙanwata: daga shafi na 32 sai na 49, hotunan sun dushe kamar an jiƙa su, kwana uku bangon ya rabu da cikin. Yarinya ta yi ta kuka wai ba ta gane labarin ba, alhali tsakiyarsa ce babu. In za ku saya, a Sabon Gari ne ko a bakin makaranta, ku tsaya ku ƙirga shafuka, ku ɗaga takarda ku ga ko rubutun baya na leƙowa. Kuma guda biyu sun isa a fara, ɗaya ya zama na Hausa, mai labarin rijiya, kaka ko ranar kasuwa. Wanda ya iya cafko ma'ana da harshensa zai ɗauki dabarar ya kai ta Turanci.

Wani ɗalibi daga Zariya yana tambaya ko tambayoyin baya na JAMB, jarrabawar shiga jami'a, sun ishe shi sashen fahimtar nassi na Turanci. Saya, ɗana, za su nuna maka salon tambaya da saurin da ake bukata. Nassin dai sabo za ka tarar, kuma yakan taɓo lafiya, noma, tattalin arziki ko muhalli. Karanta jarida kullum, ka saurari labarai, don kada batun ya zo maka baƙo. Masu cewa ka turo kuɗi su ba ka amsa, toshe lambarsu.

Wani kuma wai in faɗa masa wane haɗin zuma ne ke "buɗe ƙwaƙwalwa", ya ga ana talla a Facebook. Malam, da zuma na sa a gane karatu, da masu kiwon ƙudan zuma duk farfesoshi ne. Kada ka ɗura wa yaro abin da ba ka san me aka zuba ciki ba.

Wata malamar firamare daga Maraɗi ta ce jaka biyar ta kuɗin sefa gare ta, littafin Faransanci ɗaya za ta saya ko me? Malama, Allah ya saka miki. Sayi manyan takardu da alƙalamin zane. Yara su ba ki labarin kasuwar garinsu da Hausa, ki rubuta shi da Faransanci mai sauƙi, ki manna a bango, su karanta abin da ya fito daga bakinsu.