Wilin babbar motata ya karce a gefen titi, yaya zan gyara shi?

Tambaya: Malam, ina juya babbar mota a wani lungu sai wilin gaba ya gogi simintin gefen titi. Ya karce sosai, amma tayar ba ta sace ba. Wilin alminiyam ne. Wani ya ce a cike wurin da walda a goge. Zan iya gyarawa da kaina?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, in dai karcen a fuska ya tsaya. Amma maganar walda ka ajiye ta gefe guda. Ƙarfin wilin alminiyam yana zuwa ne daga gashin da aka yi masa a masana'anta, kuma zafin walda yana kashe wannan ƙarfin ba tare da ido ya ga komai ba. Kamfanin da ke ƙera wilin alminiyam samfurin Alcoa ya ce duk wanda ya sha zafi fiye da digiri 204 a ma'aunin Salsiyas a daina aiki da shi. Mafi muni shi ne a kai wuta jikin wili alhali taya na kai. Robar tana fara dahuwa daga ciki, iska ta yi ta ƙaruwa, tayar ta fashe ko da an riga an kashe wutar. An rasa rayuka ta haka.

Ka fara da wanke wilin da sabulu da ruwa, ya bushe, sannan ka duba shi cikin haske. Bi ramukan noti ɗaya bayan ɗaya, da manyan ramukan da ke kewaye da su, da leɓen da taya ke zama a kai. In ka ga tsagewa ko da siririya ce kamar gashi, ko leɓen ya lanƙwashe, ko wani yanki ya ɓalle, wannan ya wuce gyaran kwalliya, sai canji. Tayar babbar mota tana ɗauke da iska da matsinta ya kai 100 ko fiye a ma'aunin psi, ga kaya a kai. Ka duba gefen tayar ma, ko ya kumbura ko ya yanke.

In lafiya lau ne, sai ka gano irin fuskar wilin, domin a nan mutane da yawa ke ɓata abinsu. Ɗiga man goge ƙarfe a farin ƙyalle ka murza a wani ɓoyayyen wuri. In ƙyallen ya yi baƙi, zallar alminiyam ne, aikinka ya zo da sauƙi. In bai yi ba, akwai rufi a kai. Wani rufin fenti ne marar launi, wanda za a iya kankarewa a sake fesawa. Wani kuwa, kamar Dura-Bright, a jikin ƙarfen aka yi shi. Irin wannan ba a sa masa sanfefa ko man gogewa. In ka goge, tabon da za ka bari zai fi karcen muni. Ni dai shawarata a kansa, ka wanke ka haƙura.

Ga zallar alminiyam, gara a cire wilin, a sace iskar, a rufe gefen taya da salatif. Rage tsinin da ya taso da ƙaramin magagari, a hankali. Daga nan sai sanfefa da ruwa: fara da lamba 320, ko 240 in karcen ya yi zurfi, ka hau 400, 600, 1000 har 2000. Kada ka tsallake, domin kowace lamba aikinta share sawun wadda ta gabace ta. Ka faɗaɗa gugar zuwa kewayen karcen don kada wurin ya zama kwari. Manufa ita ce santsi, saboda haka in akwai rami mai zurfi kada ka ci ƙarfe mai yawa wajen binsa, bar ɗan sawunsa. Ka ƙarasa da man gogewa da ƙyalle mai laushi. Burushin ƙarfe da sabulun da ke da asid mai ƙarfi ka nisanta su da alminiyam, suna barin tabo.

Da wilin baƙin ƙarfe ne mai fenti, sai a kankare tsatsa, a sa fentin farko, a bi da na sama. Sai dai fuskar da ke manne da hob, wato cibiyar da ake ɗaure wilin a kai, da mazaunin noti ba sa son fenti mai kauri, kada ya wuce kusan milimita 0.09. In ya yi kauri zai murƙushe a hanya, notuna su saki.

Bayan an mayar da wilin, a ɗaure notuna da sifana mai awo daidai da abin da littafin motar ya ce, kuma a sake gwada su bayan tafiyar kilomita 80 zuwa 160.