Tambayoyinku: Me ya sa gem ke daɗewa yana lodin?

Tambaya: Salam Malam, da fatan ana lafiya. Ina da ɗan shagon gem a Anguwar Rogo nan Jos, PS4 guda uku. Matsalata in yara suka kunna GTA 5 sai ya daɗe yana lodin, su kuma kuɗin lokaci suka biya, kullum sai an yi rigima wai a cire musu mintin jira. Wani lokacin ma in mota na gudu sosai sai gini ya fito kwatsam a gabansu. Wani mai gyara a Taminus ya ce in kawo ya ƙara min RAM. Dan Allah gaskiya ne ko injin ne ya gaji?

Amsa: Wa'alaikassalam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna, RAM ɗin PS4 a like yake da allon injin, ba kamar na laftof ba da za ka zare ka sa wani, 8GB ne tun fitowarsa a 2013, kuma a cikin takwas ɗin ma kusan 5 kawai gem ke samu.

Ka je Farin Gada ka kalli mai tebur ɗin dankali. Buhuna na can sito, tebur kuwa ɗan abin da zai ɗauka kawai yake ɗauka, yaro mai baro shi ke kai da kawo. To sito shi ne hadis, wato hard disk ɗin da gem ke ajiye a ciki, tebur shi ne RAM, kuma duk abin da ka gani a talabijin sai ya hau tebur tukuna. Lodin ɗin farko cika tebur ake yi. Bayan nan gem baya tsayawa, yana hasashen inda ka nufa, ya aika a ɗauko unguwar da ke gabanka ya sauke wadda ka bari a baya, gine-ginen nesa kuma yakan nuna su dishi-dishi babu cikakken zane sai ka matso. In mota ta fi mai baro sauri, shi ne gini ke faɗo maka kwatsam. Injinka lafiyarsa ƙalau.

Ni abin da ke burge ni shi ne yadda masu haɗa gem ke ɓoye jiran. PS1 na 1994 RAM ɗinsa 2MB ne kacal, hoto ɗaya na wayarka ma ya fi shi. Ka tuna Resident Evil na 1996, ƙofar nan da ke buɗewa a hankali cikin duhu gabanka na faɗuwa? Lodin ne ake yi, ɗakin gaba ake ɗaukowa daga faifai. Silent Hill na 1999 kuwa hazo suka zuba wa garin, irin na Disamba a Jos da ba ka hango ƙarshen layi, don injin ba zai iya zana nesa ba, sai hazon ya zama shi ne abin tsoron ma. A God of War na 2018 duk inda ka ga jarumin yana matsa jiki ta tsagar dutse a hankali, sau da yawa mai baro ake ba lokaci. Kai har Super Mario na 1985, don a rage cin wuri, gajimare da ciyawa zane ɗaya ne, kala kawai aka canza.

Amma ba kullum laifin inji bane fa. A 2021 wani mai rubuta manhaja ya gano GTA Online na kwamfuta yana ɓata mintuna wajen karanta wani fayil na 10MB ta hanyar da bata dace ba, ya gyara lodin ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, Rockstar, kamfanin da ya yi gem ɗin, suka karɓi gyaran suka bashi dala 10,000.

Abin da za ka iya canzawa shi ne hadis. Na PS4 irin mai faifai ne da ke juyawa, allura sai ta nemi wuri kafin ta karanta, in ka sa SSD mai inci 2.5, wato hadis marar faifai da ya fi sauri, za ka ga sauƙi, amma kar ka sa ran zai zama kamar PS5 da ke jan 5.5GB a daƙiƙa, hanyar da ke cikin PS4 ɗin ƙarama ce. Gwada a inji ɗaya ka gani kafin ka saya wa sauran, kuma ka kwashe seb ɗin yaran, wato ajiyar inda suka tsaya a gem, a filash tukuna don komai sabo za a sa. Su kuma yaran, fara ƙirga musu lokaci daga sanda gem ya buɗe mana, minti biyu ba zai karya shago ba.